Ƙasarmu ba ta buga besbol, to wace ƙasa zan goya wa baya?

Sani, Garwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina da tambayar da na san wasu za su yi wa dariya, amma na gaji da riƙe ta a ciki.

A watan Maris na 2023, ana dab da kama azumi, zafin Garwa, garinmu na Arewacin Kamaru, ya hana ni barci, na fito tsakar gida da wayata, sai na ci karo da wasan ƙarshe na gasar besbol ta ƙasashen duniya, wadda ake kira World Baseball Classic, tsakanin Japan da Amurka a birnin Miami. A lokacin ban san ko doka ɗaya ta wasan ba, amma na zauna a kan tabarma har aka tashi bayan ƙarfe uku na dare. Japan tana gaba da maki 3 da 2, saura mutum ɗaya ta fitar ta ɗauki kofi, mai jifa shi ne Shohei Ohtani, mai bugu kuma Mike Trout, kyaftin ɗin Amurka, alhali su biyun ƙungiya ɗaya suke yi wa wasa a lokacin, wato Los Angeles Angels. Trout ya kai wa ƙwallo sanda sau uku bai same ta ba, abin da ya fitar da shi aka tashi wasa, Ohtani ya yi jifa da safar hannunsa da hularsa, ni kuwa na tsinci kaina a tsaye ina murna ni kaɗai cikin dare.

Tun daga ranar na koyi dokokin wasan daidai gwargwado, ina kuma bin labarinsa ta intanet. Matsalata ita ce majalisarmu ta shayi, inda duk lokacin da na ce “mun ci”, ina nufin Japan, sai abokaina su tambaye ni ko kakana daga Tokyo ya zo da fatake. Ina roƙon waɗanda suka riga ni sanin wannan wasa su faɗa mini gasannin da suka cancanci a bi, kuma su gaya mini gaskiya: mutumin da ƙasarsa ba ta cikin gasa, daidai ne ya ɗauki tutar wata ƙasa ya yi alfahari da ita, ko kuwa abokaina ne suke da gaskiya?

Likita Abdullahi, Njamena

Wa alaikumus salam, ƙanena Sani. Tambayarka ta mayar da ni shekarun da na yi ina karatun likita a Habana, babban birnin Kyuba, inda besbol yake a matsayin da ƙwallon ƙafa take a wurinmu, ko ma fiye. A babban dandalin tsakiyar birnin akwai wani gefe da suke kira kusurwa mai zafi, inda maza suke taruwa tun safe suna gardamar besbol da ɗaga murya da nuna yatsa, har baƙo ya zaci faɗa ake yi. Ranar da na fara tsayawa a wurin na ce a raina, ashe majalisar shayi ba mu kaɗai muke da ita ba.

Bari in fara da gasannin. Daga 1992 zuwa 2008 besbol yana cikin wasannin Olamfik da ake ba da lambar yabo a kansu, kuma Kyuba ta ci zinare a 1992 da 1996 da 2004, Amurka ta ci a 2000, Koriya ta Kudu ta ci a 2008. Aibin gasar Olamfik shi ne tana faɗowa a tsakiyar kakar wasa ta babbar gasar ƙungiyoyin Amurka, wato MLB, inda mafi yawan gwanayen duniya suke neman abincinsu, masu ƙungiyoyin kuma ba su sakin 'yan wasansu. Wannan giɓi ne gasar da ka kalla ta zo ta cike a 2006, shi ya sa ake yin ta a watan Maris, kafin a buɗe kakar wasa. Japan ta ci ta farko bayan ta doke Kyuba da maki 10 da 6, ta sake ci a 2009 a kan Koriya ta Kudu, Jamhuriyar Dominikan ta ɗauka a 2013 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba cikin wasanni takwas, Amurka ta ci a 2017, sannan Japan ta karɓe a daren da ya hana ka barci, a shekarar da ƙasashe 20 suka shiga. Akwai kuma gasar Premier12, ta ƙasashe goma sha biyu da suke kan gaba a jadawalin hukumar besbol ta duniya, ita ma ta cancanci kallo ko da yake manyan taurarin MLB ba su zuwa. Olamfik kuwa ta dawo da wasan a Tokyo, inda Japan ta doke Amurka da 2 da nema a 2021, aka cire shi a Paris a 2024, an kuma tsara dawowarsa a Los Angeles a 2028.

Game da lokaci, mu a Cadi da Kamaru agogonmu ɗaya ne, Tokyo tana gabanmu da awa takwas, saboda haka wasan ƙarfe bakwai na yamma a can yana kamawa ƙarfe goma sha ɗaya na safe a nan, na Miami kuma a irin wannan lokaci yana kamawa tsakar dare. Wasannin Asiya sun fi sauƙi ga mai sana'ar da za ta bar shi ya leƙa waya da rana.

Tambayarka ta biyu kuwa, da ɗan Cadi ka fara yi wa ita da ka huta. Ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, wadda ake kira Sao, ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba, amma duk lokacin da ake gasar gidajen kallo na Njamena cika suke yi, wannan yana bayan Kamaru, wancan yana bayan Senegal ko Najeriya, kuma ban taɓa jin an tambayi wani takardar haihuwarsa ba. Ni Kyuba nake goya wa baya, domin na ci shinkafarsu da wakensu shekara da shekaru, malamansu kuma suka koya mini aikin da nake ci da iyalina a yau. Goyon bayan nan yana da ɗaci. Gwanayen Kyuba da yawa sun gudu daga ƙasar don neman kuɗi a waje, aka daɗe ba a yarda su sa rigar ƙasa ba, sai a 2023 aka kira wasu daga MLB irin su Yoán Moncada da Luis Robert. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe a Miami, garin da 'yan Kyuba masu gudun hijira suka fi yawa, aka ga 'yan ƙasa ɗaya a filin wasa ɗaya, wasu suna yi wa ƙungiyar kirari wasu suna yi mata ihu saboda gwamnatin da suke ganin tana wakilta, Amurka kuma ta lallasa su da 14 da 2. Daren nan ban ci abinci ba.

Malam Isiyaku, Marwa

Ɗana Sani, da kai Likita, Allah ya yi muku albarka. Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma jikana ne ya nuna mini wannan wasa, na bi shi don in ga abin da yake ɗauke wa yara hankali. Zan saɓa wa Likita kaɗan, kada ya ji haushi.

Kallon wasa daban, kishin ƙasa daban. Abin da ya sa nake shakkar kishin ƙasar da ake tallatawa a wannan gasa shi ne dokar da ta ce wa zai sa rigar wace ƙasa. A can ba dole ba ne mutum ya riƙe fasfo na ƙasar; ya wadatar a ce an haifi uwarsa ko ubansa a can, ko kuma dokar ƙasar za ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa in ya nema. Ta haka ne ƙungiyoyin Italiya da Isra'ila da Birtaniya suke cika da 'yan wasan da aka haifa aka kuma raina a wasu ƙasashe, galibi Amurka. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ni ban ga abin da yaron Roma zai yi alfahari da shi ba idan wanda ya ci masa wasa bai iya gaishe shi da harshensa ba.

Mu 'yan Kamaru mun san zafin wannan abu ta ɗaya gefen. A gasar cin kofin duniya ta 2022, Breel Embolo, haifaffen Yawunde, shi ya jefa mana ƙwallon da Suwizalan ta doke mu da ita, ya ɗaga hannuwa ya ƙi yin murna, amma ƙin murnarsa bai goge ƙwallon ba. Joel Embiid, shi ma haifaffen Yawunde, ya zaɓi Amurka a ƙwallon kwando, ya ci mata zinare a Paris a 2024. Ku kwatanta wannan da Vincent Aboubakar, wanda ya fito daga Coton Sport ta Garwa, ya jefa wa Masar ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka a 2017, ya kuma jefa wa Burazil a 2022 har ya cire riga aka ba shi jan kati yana murmushi. Wannan shi ne namu, domin a filayenmu masu ƙura ya koya, kuma ƙwallonsa ta sa talakan Arewa ya ji ana ganinsa.

Akwai wani abu kuma. Masu ƙungiyoyin Amurka, waɗanda suke biyan albashi, ba su son gasar har zuci, shi ya sa aka ƙayyade wa mai jifa yawan jifan da zai yi, 65 a matakin farko, 80 a na gaba, 95 a wasannin ƙarshe, wasu manyan masu jifa kuma ba su zuwa sam. A 2023 Edwin Díaz na Puwato Riko ya ji ciwo a gwiwa yana tsallen murnar doke Jamhuriyar Dominikan, ya rasa kakar wasa gaba ɗaya, magoya bayan ƙungiyarsa ta New York Mets da yawa suka yi ta tsine wa gasar. Ƙasar da sai ta roƙi attajiri ya ara mata ɗanta na mako biyu, wane irin kishi za a gina a kanta? Shawarata, ɗana, ka kalli wasanka ka ji daɗi, ka yaba wa gwani, amma kalmar “mun ci” ka ajiye ta ga Zakunan Kamaru, ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa.

Likita Abdullahi, Njamena

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, babu haushi tsakanin ɗa da uba. Maganar Italiya da Isra'ila gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Sai dai misalin Díaz ni a wurina hujja ce ta ɗaya ɓangaren, domin attajirin ɗan wasa da ya yi tsallen da ya tsinka masa jijiyar gwiwa ba don albashi ya yi shi ba.

Puwato Riko tsibiri ne da yake ƙarƙashin Amurka, mutanensa fasfo ɗin Amurka suke riƙewa, ba su da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma filin wasa yana cikin 'yan wuraren da ake ɗaga tutarsu ita kaɗai. A 2017 'yan wasansu suka rina gashinsu ruwan zinare, mutanen tsibirin maza da mata suka bi su, suka kai wasan ƙarshe suka kara da Amurka kanta. Taiwan kuma ba a barin ta shiga gasa da sunanta saboda rikicinta da Sin, sai da sunan Taipei ta Sin. A watan Nuwamba na 2024 ta doke Japan da 4 da nema a wasan ƙarshe na Premier12 a Tokyo, ta tsinke wa Japan jerin nasarori 27, kyaftin ɗinsu Chen Chieh-hsien kuwa, bayan ya buga ƙwallon da ta fice daga fili ta kawo maki uku, ya nuna ƙirjin rigarsa da hannu biyu, daidai gurbin da sauran ƙasashe suke rubuta sunansu. Da za su koma gida jiragen yaƙi ne suka yi wa jirginsu rakiya. Ga Jamhuriyar Dominikan da ba ta kai Cadi yawan jama'a ba, ga tsibirin Kurasawo na masarautar Holan da bai kai Garwa yawan mutane ba, amma 'ya'yansa da na maƙwabcinsa tsibirin Aruba ne ƙashin bayan ƙungiyar Holan da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2013 da 2017. Malam, waɗannan ba kayan aro suka sa ba, kuma a ganina ƙananan ƙasashe ne suka ba gasar ranta, ba Amurka ba.

Malama Hadiza, Ngaundere

Sallama ga Baba Malam Isiyaku, da Yaya Likita, da ƙanena Sani. Ni malamar motsa jiki ce a makarantar sakandare, kuma ina so in ƙara abu biyu.

Na farko, Baba, aro iri-iri ne. Randy Arozarena a Kyuba aka haife shi, ya tsallaka teku cikin ƙaramin jirgin ruwa zuwa Meziko a 2015, ƙasar ta karɓe shi, shi da bakinsa ya roƙi a ba shi takardar zama ɗan ƙasa don ya sa rigarta, kuma yana cikin waɗanda suka kai ta wasan kusa da na ƙarshe a 2023, inda Japan ta sha da ƙyar da 6 da 5. Mu da kakanninmu suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau suka kafa unguwannin Hausawa a Ngaundere da Garwa da Yawunde, bai kamata mu yi saurin cewa wanda ya zo daga baya ba ɗan gida ba ne. In kuma 'yan gida tsantsa ake nema, a duba Jamhuriyar Cek. Mafi yawan 'yan wasanta ma'aikata ne da suka ɗauki hutu suka tafi Tokyo, cikinsu har da ɗan kwana-kwana, kocinsu likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma mai jifarsu Ondřej Satoria, ma'aikacin lantarki, ya fitar da Ohtani da jifa uku. A wasan nan Roki Sasaki na Japan ya sami ɗan wasansu ɗaya a gwiwa da ƙwallo mai gudun kilomita 162 a awa, daga baya ya je masaukinsu da jakunkunan alawa yana ba da haƙuri. Wannan labari nake ba ɗalibaina idan ana maganar ladabin wasa.

Na biyu, Sani, kada ka ɗauka Afirka ba ta da ƙafa a ciki. Afirka ta Kudu ta buga a Olamfik ta 2000 a Sidni, shekarar da Zakunanmu suka ci zinare a ƙwallon ƙafa a can, ta kuma shiga World Baseball Classic a 2006 da 2009. Ɗan ƙasarta Gift Ngoepe ya fara wasa a MLB a 2017 tare da Pittsburgh Pirates. Yaran Yuganda sun je gasar yara ta duniya a Amurka a 2012, su ne na farko daga wannan nahiya. Abin da ya hana wasan yaɗuwa a wurinmu tsadar kayansa ce, domin sanda da safar fata da hular kwano da ƙwallo duk sai an shigo da su, ga buƙatar fili mai faɗi, alhali ƙwallon ƙafa tsumma da duwatsu huɗu sun ishe ta. Saboda haka ne hukumar besbol ta duniya ta fito da Baseball5, wanda aka samo daga wasan titi na yaran Kyuba: mutum biyar-biyar, maza da mata a haɗe, ƙwallon roba kaɗai, ana bugun ta da hannu, ba sanda ba safa. Kyuba ta ci kofin duniyarsa na farko a birnin Meziko a 2022, an kuma sa shi cikin wasannin Olamfik na matasa da aka ba Dakar ta shirya a 2026. Na gwada shi da 'yan ajina a filin makaranta, da toka muka ja layi, kuma 'yan matan sun fi samarin saurin gane inda za su jefa ƙwallo.

Garba direba, Kusiri

Gaisuwa ga manya. Ni ban san besbol ba, amma na san maganar tuta, domin kusan kullum ina tsallaka gadar Ngeli da kaya tsakanin Kusiri da Njamena, ina da mata 'yar Cadi, ƙanin mahaifina kuma yana Maiduguri. Ina so in tuna wa Sani abin da ya faru a garinsu a watan Janairu na 2022, lokacin da Kamaru ta karɓi gasar cin kofin Afirka aka ajiye rukunin Najeriya a filin Rumde Ajiya. Na je da kaina, na ga mutanen Garwa, Hausawa da Fulani da sauransu, sun cika fili suna yi wa Najeriya kirari ranar da ta doke Masar da ci ɗaya, ana kiran sunan Ahmed Musa kamar ɗan unguwa, kuma ranar da Tunisiya ta fitar da ita garin ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Ina da tabbacin wasu daga cikin abokan shayin naka suna cikin filin a ranar, da koren ƙyalle a wuya. Ka tambaye su fasfo ɗin wace ƙasa ne a aljihunsu a lokacin.

Malam Isiyaku, Marwa

Garba, ka kama ni, domin ni ma na yi baƙin cikin fitar Najeriya a daren nan. Amma Najeriya maƙwabciya ce, harshe ɗaya da aure da kasuwa sun haɗa mu, Japan kuwa babu abin da ya haɗa Sani da ita sai babur ɗin da yake hawa. 'Yata Hadiza, maganarki ta unguwannin Hausawa ta shige ni, na janye rabin abin da na faɗa a kan aro. Rabin da ya rage ina nan a kansa.

Sani, Garwa

Na gode, Baba Malam, na gode Yaya Likita, da Malama, da Yaya Garba. Jiya na kai maganar Rumde Ajiya majalisa, mutum biyu suka amsa cewa har da ganga suka je, ɗayansu ma shi ne mai tambayar kakana. Bai daina tsokanata ba, sai dai yanzu ya ce in zo masa da bidiyon ma'aikacin lantarkin da ya fitar da Ohtani, domin shi ma aikin wayar wuta yake yi.

Japan ba zan sake ta ba, tun da da ita na fara, amma na ƙudura duk ranar da Afirka ta Kudu ko Yuganda ko wata ƙasar wannan nahiya ta shiga wasannin neman gurbi, ita zan sa a gaba. Baba Malam, a gabanka zan riƙa cewa “sun ci”.

Malama, akwai fili a bayan gidanmu wajen hanyar kogin Binuwai da yara suke buga ƙwallo da yamma, kuma na riga na sayi ƙwallon roba biyu a kasuwa. Don Allah ki rubuto mini taku nawa ake bari tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da mai gudu yake takawa, da zagaye nawa ake yi kafin a tashi, da yadda kika shawo kan iyayen 'yan matan suka bar su suka fito, domin ƙannena mata biyu sun ce in dai za a fara ranar Asabar to da su za a yi.